Ranar da Aka Auna Jinin Kwalba

An yi wani mutum mai gyaran waya, ya 'yan uwa, mutumin kirki tun asali. Mutanen layi Injiniya suke ce masa. Mahaifiyarsa kuwa ba ta san wani Injiniya ba, Auta take kiransa, ko da yake gemunsa ya fara furfura.

Shagonsa ɗan ƙarami ne a ƙarƙashin matattakalar wani bene. Tebur ɗaya, fitila mai lanƙwasasshen wuya, gilashin ƙara girman abu, da gwangwanin madara cike da 'yan mitsi-mitsin sukurori. Ba shi da jarin kirki. Amma yana da abin da ya fi jari: in ya faɗi magana, a kanta ake zama. Sai ka ɗauko caja a shagonsa za ka biya, ya karɓe daga hannunka ya ce, "Ajiye wannan, ba za ta yi maka mako biyu ba. Je wajen maƙwabcina, tasa ta fi." Wa kuka taɓa gani yana korar cinikinsa da kansa? To, shi yana yi. Shi ya sa har mai neman fanka ko dutsen guga sai ya biyo ta ƙarƙashin benen nan ya ji ta bakinsa.

Da abokansa suka matsa, sai ya fara ɗaukar 'yan bidiyoyi yana sakawa a waya, yana nuna wa mutane mai kyau da jabu. Kafin shekara mabiyansa sun yi yawan da shi kansa yana mamaki.

Wata rana wani mai kwat da turare ya kawo gyaran waya. Ciyaman ake ce masa, don shi ke shugabantar wata ƙungiya ta masu tallar kaya a yanar gizo. Ya zauna yana kallon yadda mutane ke shigowa neman shawara suna fita, can ya yi dariya.

"Injiniya, kai fa mai arziki ne, sani ne ba ka yi ba. Kullum kana rabar da zinariya kyauta."

Ya bayyana masa yadda sana'ar take. Kamfani zai ba ka wata lamba taka ta kanka. Ka tallata kayansu, duk wanda ya saya ta waya ya sa lambar nan, a yi masa ɗan ragi, kai kuma a ba ka kamasho. Ba ka ɗaukar kaya, ba ka ajiye kaya, ba ka ma ganin mai saye.

To, 'ya'yana, ku ji ni da kyau, kada a je a ce tsohuwa ta haramta sana'a. Dillanci halal ne. Da farko shi ma da gaskiya ya yi shi. Sai an aiko masa da kaya ya buɗe cikinsu, ya gwada mako guda, sannan ya yi magana. Abin da ya samu ya gyara rufin ɗakin mahaifiyarsa da shi, ya saya wa matarsa keken ɗinki. Ina laifi a nan?

Sai Ciyaman ya fara jan sa zuwa taruka. A manyan otal ake yi, ɗaki mai sanyi, kujeru sanye da fararen riguna, kowa da kati rataye a wuya. A sha lemo, a yi musayar lambar waya, a yi hoto da wakilan kamfanoni. Can ya ga waɗanda ba su iya riƙe sukundireba ba sun zo da motoci, shi ya zo a tasi. Abin ya tsaya masa a rai. Aka sa shi a guruf ɗinsu na waya, inda ake raba tallace-tallace, wannan ya haɗa ka da wancan, wancan ya haɗa ka da kamfani.

A nan ya koyi darasi biyu. Na farko, Ciyaman ya ce masa, "Mako guda kana gwajin abu ɗaya? Kafin ka gama wasu sun kwashe kasuwa. Kuma ka daina cewa an ce yana da kyau. Ka ce ni da kaina nake amfani da shi. In kayan tsofaffi ne, ka sako uwa a ciki. Ba mai gardama da uwa."

Na biyu shi ne dokar guruf: ba a ɓata kasuwar juna. Duk aibin da ka gani a kaya, a cikin guruf zai tsaya. Wanda ya fitar, ba mai sake haɗa shi da kowa.

Zuciyarsa ta yi ɗan ɗar. Amma ya ce ai kowa haka yake yi. Kun san wannan maganar? Ita ce tabarmar da Shaiɗan yake fara shimfiɗa wa mutum.

Ana nan sai wani sabon kamfani ya zo da na'urar awon hawan jini, irin wadda ake ɗaurawa a damtse ta hura iska ta nuna lamba. Arha kamar kyauta, kamasho kuma mai tsoka. Aka raba wa 'yan guruf. Kwana biyu sai wani daga cikinsu, don wasa, ya ɗaura ta a jikin kwalbar ruwa ya danna. Na'urar ta hura, ta yi ƙara, ta nuna ɗari da ashirin bisa tamanin. Ya ɗauki hoton ya tura guruf, ya rubuta, "Jama'a, albishirinku, kwalbata lafiyarta lau."

Aka yi ta dariya. Wani ya ce a gwada ƙafar tebur. Ashe na'urar ba ta auna komai, duk abin da ka ɗaura mata lambar masu lafiya za ta ba ka. Injiniya ya gani. Shi da ya san cikin na'ura fiye da su duka, ya fi kowa gane abin da hakan ke nufi. Me ya yi? Ya tura hoton fuskar dariya.

Washegari ya kunna fitilar shagonsa, ya riƙe na'urar kusa da fuskarsa, ya dubi waya da idon nan da mutane suka yarda da shi, ya ce, "Kun san ni, ba na tallar abin da ban gwada ba. Irin wannan nake auna wa mahaifiyata da ita kullum safe. Ku sa lambata ku sami ragi."

Wayarsa ta fara ƙara. Duk wanda ya saya, sai ta yi ƙil, ta nuna masa an sayi ɗaya. Ba suna, ba fuska, an sayi ɗaya kawai. Wata mata ta rubuta a ƙarƙashin bidiyon cewa na'urar ta saɓa da ta asibiti. Ya goge. Wani ya sake rubutawa. Ya goge, ya toshe shi.

Yanzu bari in kai ku gidan yayarsa, can ɗaya gefen gari, inda mahaifiyar take zaune. Inna ta yi shekaru da hawan jini, tana shan ƙwayoyi safe da yamma, kuma ba ta ƙaunarsu. Takan ce, "Ƙwayoyin nan sun mai da ni mai gadin banɗaki." Tsohuwar na'urarsu ta lalace. Yaya ta ga bidiyon ƙaninta, ta kai wa Inna. Tsohuwa ta kalla sau uku, ta sa aka kira maƙwabta su ma su gani.

"Kun ji ni ya ambata? Ni ce mahaifiyar tasa. Ƙaryar banza yake, yaushe rabon da ya zo, balle ya auna ni? Amma kayan, in Auta ya ce yana da kyau, yana da kyau. Saya mana, ki sa lambar tasa ya sami ɗan wani abu. Kada ki gaya masa, sai ya zo in nuna masa."

Yaya ta saya. A shago wayarsa ta yi ƙil. Ya duba, ya yi murmushi, ya mai da ita aljihu.

Kuma bai zo ba. Yau taro, gobe ganawa da wakilin kamfani, jibi liyafa. Sai dai ya kira a gurguje. "Inna, ya jiki?" Ta ce, "Jiki ya yi kyau, Auta, har na fi ka lafiya." Da gaskiyarta take faɗa, don kullum safe Yaya na ɗaura mata na'ura, kullum lambar masu lafiya. Bayan wata guda ta ce ta warke, ta tura ƙwayoyin ƙarƙashin katifa. Kanta ya riƙa sarawa, idonta na yin duhu-duhu. Yaya ta ce su je asibiti. Inna ta miƙa hannu aka auna, ta ce, "To kin gani. Gajiya ce kawai."

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, Injiniya na kan dandamali a otal ana miƙa masa kambun gilashi na gwarzon talla. Wayarsa na aljihu a kashe. Sai da aka gama hotuna ya kunna, ya tarar da kiran Yaya ba iyaka. Inna ta faɗi a ƙofar banɗaki.

Ya isa asibiti da katin taro a wuyansa. Ya same ta a gado, bakinta ya karkace, ɓarin jikinta na dama ya shanye, harshe ya ƙi motsi. Likita na tambayar Yaya ko tana shan maganinta.

"Ta daina, likita, wata biyu ke nan. Jinin ya sauka. Ko yau da safe na auna ta."

"Da me kika auna?"

Yaya ta buɗe jaka ta fito da ita.

Ya 'yan uwa, na'urar da ya tallata ce. Wata nas ta karɓi na'urar ta ɗaura wa Inna, ta nuna ɗari da ashirin bisa tamanin, alhali ta asibiti na nuna abin da ya kusa ninka haka. Nas ɗin ta yi tsaki, ta ce wannan ce ta huɗu da aka kawo musu. Ta ɗauki kwalbar ruwan da ke kan durowa ta naɗa mata, ta danna. Kowa ya zuba ido. Shi kaɗai ya kau da kai, don ya riga ya san lafiyar kwalba.

Yaya ta ga ya kau da kai. Ita ta goya shi yana jariri, ta san fuskarsa.

"Auta, ka sani?"

Ya kama murza katin da ke wuyansa.

"Tambayarka nake yi."

Ya ce, "An taɓa faɗa."

Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. A hankali ta ce, "Sau uku ina roƙonta mu zo asibiti. Ka san abin da take ce mini? Ɗana ba ya ƙarya."

Da yamma ya rubuta a guruf abin da ya faru, ya roƙe su su janye tallar. Ciyaman ya kira shi da murya mai taushi. "Allah ya ba Inna lafiya, uwarmu ce duka. Amma ka natsu, kada zafin rai ya sa ka ɓata wa 'yan uwa kasuwa." Yana ajiye waya ya ga an cire shi daga guruf. Duk lambobin nan da ya tara a otal-otal ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ba wadda aka ɗauka. Kamfanin ya ɓace. Bayan mako uku na'urar ta dawo da sabon suna da sabon launi, kuma bakunan da suka yi dariyar kwalba su ne ke tallarta.

Ya yi bidiyo ya faɗi gaskiya, yana kuka. Waɗanda suka gani suka tsine masa, kuma da hujjarsu. Wani ya rubuta cewa mahaifinsa ya rasu da na'urar a gefen matashinsa. Amma bidiyon ƙarya ya riga ya yi nisan da na gaskiya bai kai ba, an tura shi daga waya zuwa waya har garuruwan da bai taɓa jin sunansu ba. Ƙarƙashin bene ya koma shiru. Wa zai ba shi wayarsa ya gyara? Matarsa ta koma ɗinki dare da rana don su ci, in ta fita ana nuna ta da baki.

Ya je wajen wani malami ya ce yana son tuba. Malamin ya ce ƙofar Allah a buɗe take, amma haƙƙin mutane sai ka nemi masu shi su yafe. Ya fito da waya ya buɗe shafin lambarsa. An sayi ɗaya. An sayi ɗaya. An sayi ɗaya. Ya yi ta ja da yatsa, abin bai ƙare ba. Kowane ɗaya damtsen wani tsoho ne ko wata tsohuwa. Ƙofar wa zai ƙwanƙwasa? A wane gari? Wataƙila a wannan safiyar ma ana ɗaura wa wata uwa, ana ce mata jininki ya sauka.

Mutum ɗaya ya sani a cikinsu, ita kuma ba ta magana.

Kullum yana zuwa ya durƙusa a gaban gadonta. "Inna, ki yafe mini. Ko da ido ne." Sai ta dube shi, hawaye na bin gefen da ya karkace. Rana ɗaya ta ɗaga hannun hagu da ƙyar ta ɗora a kansa, hannun ya zame ya faɗi. Shafa kansa ta yi, ko ture shi take son yi? Ya tambayi Yaya. Yaya ta ce, "Ban sani ba, kuma ba zan yi maka ƙarya don ka ji daɗi ba." Kwana tara bayan haka Allah ya karɓi abarsa.

Har yau yana buɗe shagon. Ya kunna fitila, ya zauna, ba mai zuwa. In wayar wani mai wucewa ta yi ƙil, sai ka ga ya zabura.

Ya 'yan uwa, mutumin nan bai yi sata ba, bai ƙera na'ura ba, bai ɗaura wa kowa da hannunsa ba. Cewa kawai ya yi na gwada, alhali bai gwada ba, ya ga aibi ya yi dariya ya yi shiru don kada abokan sana'a su juya masa baya. Sun kuwa juya. Yardar da mutane suka yi maka ba taka ba ce da za ka sayar, ajiya ce aka ba ka. In za ka yi talla, yi, Allah ya sa albarka. Amma abin da ba ka gwada ba, ka ce ban gwada ba. Aibin da ka sani, ka faɗe shi ko za a cire ka daga guruf dubu. Kafin ka danna tura, ka tambayi kanka: in mahaifiyata ce za ta saya, zan bari? Don wallahi ba ka san wanda ke can bayan an sayi ɗaya ba.

Allah ya kiyaye mu da cin amanar waɗanda suka yarda da mu. Allah ya tsare harsunanmu da yatsunmu, ya raba mu da abokan da ke kiran shiru kan ɓarna zumunci. Allah kada ya ɗora mana haƙƙin da ba mu san ƙofar mai shi ba, ya sa mu rabu da iyayenmu suna masu yarda da mu. Amin.