Gandun da Aljannu Suka Ƙwace

Mai karatu, ka taɓa jin gidan da aljannu suka ƙwace, amma kullum ana share masa tsakar gida?

A zamanin da, an yi wani sarki, Jatau, wanda ya gaji gandaye da gidajen hutu masu yawa. Mafi kyawunsu Gandun Tsamiya, shi aka ware domin ciyar da gwaggonsa Tasalla. Kwatsam hatsin gandun ya daina zuwa, har tsohuwa ta fara sayar da tasoshinta.

Waziri Tunau, mai kula da gandaye, ya faɗi ya ce, "Ranka ya daɗe, aljannu sun kama wurin, manoma sun watse. Ni kaina rabona da can tun rasuwar mahaifinka. A bar shi ya koma daji."

Sarki ya dubi wuyan Waziri da ya yi kauri, ya tuna na gwaggonsa. Ya ce, "To, gobe mu je mu gai da aljannun."

Waziri ya riga ya aika a ɓoye, ya gargaɗi mutanen gandun su yi kamar ba su san shi ba. Da suka isa, sai suka tarar an zuba ƙaya a ƙofa, rumbuna wayam, mutane ƙalilan suna sunkuyar da kai kamar ba su taɓa ganin kowa ba. Sarki ya lura ƙayar ɗanya ce, daɓen soro kuma sai sheƙi. Sai ya nemi ruwa.

Wata tsohuwa mai nauyin kunne, wadda gargaɗin bai shiga kunnenta ba, ta fito da ƙwarya. Ta durƙusa wa Sarki ta ce, "Sannu da zuwa." Ta juya ga Waziri ta ce, "Sannu da dawowa, Maigida. A ɗora tuwon?"

Sarki ya ce, "Waziri, ni baƙo ne, an yi mini sannu da zuwa. Kai daga ina ka dawo?"

"Ranka ya daɗe, tsufa ne ke damunta."

"Tsufan ne ya sa ta san ka, ni mai gidan ba ta san ni ba?"

Nan take aka kwance rawanin Tunau. Aka buɗe rumbunansa na cikin gari, inda ya ɓoye hatsin gandun, aka mayar wa Tasalla hatsinta. Ita kuwa ta tattara kayanta ta tare a gandun, ta ce tana so ta zauna kusa da aljannunta.

Kai ma in iyayenka sun bar gona a ƙauye, kada ka tsaya ga labarin mai tsaro. Tashi ka je ka gan ta da idonka kafin damina.