Haƙoran Mataji Biyar

Akwai wani mutum mai aikin karɓar baƙi a wani otal, abokan aikinsa suna kiransa Mai Suma. Allah ya ba shi gashi baƙi wuluk, a nannaɗe kamar an zauna an murɗa shi da yatsa. Kai, mutumin nan ko gilashin mota ya gani sai ya tsaya ya shafa kai.

Shekara goma sha ɗaya wani tsoho ke yi masa aski a ɗan shago mai kujera ɗaya. Tsohon ba ya gaggawa. Da yatsu yake bi, yana buɗa gashin kaɗan-kaɗan har ya ga fatar kai, sannan ya sa almakashi.

Da aka ƙara wa Mai Suma girma a wurin aiki, sai ya ga tsohon askinsa ya yi masa kaɗan. Ya yi ta duba hotuna a waya, ya zaɓi wanda ake share gefe a bar sama ya taru ya yi tudu, ya kai wa tsohon hoton.

"Baba, irin wannan nake so."

Tsohon ya ce to, ya fara buɗa gashin. Yana kaiwa tsakiyar kai, yatsunsa suka tsaya cak. Ta madubi Mai Suma ya ga ya gyara tabarau, ya ɗora mataji a wurin, ya daɗe yana kallo.

"Lafiya, Baba?"

"Ɗana, baƙin tabon nan ne. Ranar da na fara ganinsa faɗin haƙorin mataji biyu ne, na ɗauka tawadar Allah ce. Zuwanka na baya ya kai uku, na faɗa maka, ka ce za ka je a duba. Yau biyar ne, ga ɗan jini a bakinsa."

Mai Suma ya tsorata, amma girman kai ya danne tsoron.

"Ƙurji ne kawai. Yi mini abin da ya kawo ni."

"Wannan askin binne shi zai yi, ka manta da shi. Bari in rage wurin faɗin yatsa uku, gobe ka nuna wa likita."

"Ka buɗe mini fili a tsakiyar kai, jibi ina fara sabon matsayi? In ba ka iya askin zamani ba, ka ce ba ka iya ba. Kai mai aski ne ko likita?"

Ya fizge ƙyallen wuyansa ya jefar. Tsohon ya biyo shi har bakin ƙofa yana cewa, "Ko ba za ka dawo wurina ba, don Allah a duba shi." Ko waiwaye bai yi ba.

Ya tafi wani shago mai kujeru shida da kiɗa. Minti ashirin aka gama, ba wanda ya buɗa gashin. Gaskiya askin ya yi kyau, har baƙin otal suna yabawa.

Sai dai wurin ya fara ƙaiƙayi. Yana tsaye bayan teburin karɓar baƙi zai sosa, ya ji yatsansa ya jiƙe, ya goge cikin aljihu yana murmushi. Wata safiya matarsa ta ɗago rigar matashin kai.

"Maigida, wannan jinin fa?"

"Susa na yi. Ke ma kin zama likitar?"

Har hanya ya sauya don kada ya bi ta gaban shagon tsohon. Bayan wata bakwai wani kumburi mai tauri ya fito masa a wuya, matar ta sa kuka sai da suka je asibiti.

Likitar ta buɗa gashin, ta daɗe tana kallon wurin kamar yadda tsohon ya yi.

"Ba wanda ya taɓa ganin wannan?"

Mai Suma ya sunkuyar da kai.

Da sakamakon gwaji ya fito, ta ce, "Da tun yana ƙarami ka zo, da cire shi kawai za mu yi. Yanzu ya bazu zuwa wuya. Za mu yi iya ƙoƙarinmu. Ka aske kan gaba ɗaya kafin ranar tiyata."

Ƙafafunsa da kansu suka kai shi shagon nan mai kujera ɗaya. Kunya kamar ta kashe shi. Tsohon ya kakkaɓe kujera, ya ɗaura masa ƙyalle.

"Baba, ka yafe mini. A aske duka."

Tsohon ya buɗa tsakiyar kan, ya ɗora mataji.

"Haƙori nawa, Baba?"

"Sha biyu, ɗana."

Ya ɗauki almakashi ya fara, yana kaffa-kaffa da wurin. Mai Suma yana hawaye, yana kallon gashin da ya hana a rage faɗin yatsa uku yana zuba gaba ɗaya a ƙasa.

Darasi: Akwai wurin da ba ka iya gani a jikinka da rayuwarka, sai wanda ke tsaye a bayanka. In ya gaya maka abin da ba ka son ji, kada ka duba ƙanƙantar sana'arsa, ka saurara tun abin yana ƙarami. Tura wannan ga wanda ka sani yana ta ɗage zuwa asibiti.