Shugaban Masu Haƙar Rijiya da Ya Hana Kira

An yi wani mutum a Kamazou, shugaban masu haƙar rijiya. Aiki kam ya iya. Abin da bai iya ba shi ne magana da mutanensa. Da kai yake ba da umarni, ko da tsaki. Wanda ya tambayi dalili, a ranar zai ajiye diga.

Masu wannan sana'a suna da wata al'ada. Muddin mutum yana ƙasa, na bakin rijiya ba ya yin shiru. Zai riƙa kiransa, yana tsokanarsa, yana tambaya ko uwargida ta huce. Iskar ƙasa takan ɓaci, ta shaƙe mutum bai sani ba. In aka ji amsarsa ta yi nauyi, sai a ja igiya. Shugaban nan ya ce surutun banza ne, ya hana. Ya ce kada kowa ya taɓa igiya sai da izininsa.

Wata rana suna yashe wata tsohuwar rijiya wajen Rido, ya sa aka zura injin jan ruwa ciki. Sunday, babba a cikin ma'aikatan, ya ga hayaƙi yana kwanciya a ƙasa, ya ce, "Oga, a bari ta sha iska tukuna."

Ya ce, "Kai ne mai aikin, ko ni?"

Don ya kunyata su, ya ɗaura igiya ya sauka da kansa.

Sai shiru. Suka zagaye bakin rijiya. Wannan ya dubi wancan. Kowa yana son ya kira, kowa yana tsoron zagin da zai taso daga ƙasa. Da abin ya ishe su suka ja, igiya ta taho ba nauyi. Ashe da ya isa ƙasa ya kwance ta.

Sunday ya sauka, ya tarar hayaƙi ya sumar da shi, ya ɗaure shi, aka fito da shi da sauran numfashi. Sunday kuwa gawarsa aka fitar.

Shugaban ya rayu, amma har yau ba mai shiga rami da sunansa. Martha, matar Sunday, ta same shi a zaune, ta yi masa tambaya ɗaya: "Oga, bai gaya maka ba?" Ya sunkuyar da kai.

Ya 'yan uwa, wa ke ƙarƙashinku? Yaushe rabon da ya faɗa muku abin da ba ku so, kuka saurara har ya gama? Girman kai ne ke sa shugaba ya ƙi bayani, ya toshe bakin mutanensa. Ranar da ransa zai rataya ga kalma ɗaya, tsoronsa ne zai hana su furta ta.

Allah ya kiyaye mu da shugabancin da ake tsoron yi wa magana, ya tsare mu da ɗaukar alhakin ran wani. Amin.