Ritayar Zakara

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, in ba doguwa ba ce.

Gajera ce. Ku gyara zama.

Wani Zakara ne a wani gari, shekara talatin da biyar yana tashin mutane. Kada ku tambaye ni yadda zakara ya kai waɗannan shekaru, ni ma haka na same ta. Sau uku yake cara. Ta farko don Iya Tasallah mai koko, ta tashi ta hura wuta. Ta biyu don ladan. Ta uku don Maigari Jatau da sauran manya, waɗanda ba sa barci, sai dai dogon tunani da minshari.

Ana nan, ana nan, sai ɗan Maigari ya aiko masa da agogo daga birni, mai ƙararrawa biyu a ka. Ran Litinin Maigari ya tara jama'a, ya ce Zakara ya yi wa ƙasa hidima, yanzu sai hutu. Aka ba shi takardar yabo. Ya caccake ta da baki, ya ji ba hatsi a ciki.

Uwargidan Maigari, Gambo, ta dube shi tun daga ƙafa har zanko, ta ce, "Baba Zakara, Allah sanya alheri. Ka kuwa yi ƙiba. Ran Juma'a muna da baƙi."

Zakara ba yaro ba ne. Ya san zakaran da ba ya cara, sunansa nama.

Ran Talata ya tafi wajen Jaki, wanda babur ya karɓe wa aiki.

"Yaya Jaki, da me kake cika yini?"

"Ina tsayuwa gindin durumi, ina kallon babura, ina cewa ba za su daɗe ba."

"Shekara nawa kana faɗa?"

"Goma sha biyu."

"Ana cin naman jaki a gidanku?"

"Haba dai!"

"Shi ya sa kake da lokaci," in ji Zakara, ya wuce.

Ran Laraba ya tafi wajen Agogo kansa.

Agogo ya ce, "Malam, kada ka yi mini hassada. Sau ɗaya nake kuka, lokacin da Maigari ya ga dama, wato bayan rana ta leƙo. Sakamakona kuwa mari a ka."

"To wa ke tashin mai koko?"

"Wace ce mai koko?"

Zakara ya ce, "Allah ba da sa'a," ya fita.

Ai kuwa gari ya rikice. Kowa tashi ɗaya yake yi. Ladan ya kira assalatu rana na kallonsa. Jama'a su yi layi da kwanuka a ƙofar Iya Tasallah, ita kuwa lokacin take neman ashana. Maigari ya sha kokon safe da azahar, ya ce ci gaba ne, sai an yi haƙuri.

Ran Alhamis, tun da asubar fari, idon Zakara ya buɗe, don ido bai san an yi ritaya ba. Ya lallaɓa ƙofar Iya Tasallah, ya yi cara ƙasa-ƙasa, daidai kunne ɗaya.

"Wane ne? Au, ɗan fansho! Ba an ce ka huta ba?"

"Na huta, Iya, har wuya ya fara yi mini ƙaiƙayi. Tashi ki hura wuta."

Ta hura, ta dama, ta zuba masa dusar gero. Ran nan Maigari na marin Agogo, koko na shigowa da tururinsa. Ya sha, ya sha, ya ce ci gaban ya fara nuna.

Juma'a ta zo. Gambo ta zo, wuƙa ta zo. Ta tarar da Zakara bisa turmin Iya Tasallah yana gyaran gashi.

Iya ta ce, "Gambo, ma'aikacina ne. Ki taɓa shi, kowa ya dama kokonsa."

Magana ta kai gaban Maigari. Zakara ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ba na jayayya da tukunya. Amma namana na yini ɗaya ne, koko kuwa na kullum. Ga shi kuma na tsufa, sai an sha tauna."

Maigari ya yi tunani, na gaskiya wannan karon. Ya ce a mai da wuƙa, Zakara ya koma aikinsa.

"A'a, ranka ya daɗe, na yi ritaya. Cara ɗaya nake yi wa Iya, in ci dusata, in koma barci. In ladan ya ji ta katanga, sadaka ce."

Baƙi kuwa suka ci agwagwa, wadda ba wanda ya nemi shawararta.

Don haka in an ce ka huta, ka huta, amma ka nemi ko mutum ɗaya da ke jiranka da safe.

Ƙurunƙus kan agwagwa. Ƙarya ce, amma ba duka ba.