Dagaci Biri da Geron Agaji

"Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina."

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

Wata shekara annoba ta shiga ƙasar dabbobi, kowa ya kulle ƙofarsa wata uku. Yunwa ta sa har irin shuka aka daka aka sha. Da cutar ta lafa, Zaki ya aiko wa kowane ƙauye geron agaji.

Dagaci Biri ya kasa zama. Ya hau buhu, ya sauko, ya sake hawa. "A daka shi duka! Gobe biki, a dama fura, maƙwabta su san mun warke!"

Zabuwa, wadda annobar ta ɗauke wa miji, ta ce, "Ranka ya daɗe, ga hadari can gabas. In mun shanye, me za mu shuka?"

"Ke dai kin cika surutu! Ai kowa yana da iri a rumbu."

"To, zo ka ƙwanƙwasa nawa."

Ya ƙwanƙwasa, rumbu ya amsa kamar ganga. Ya ruga na Bushiya, haka. Na Kurege ma haka. Ya sheƙa gida ya buga nasa, sai ya yi tsit.

Iska ta taso. Biri ya kwarara ihu, "Ku ajiye taɓaren nan! Kowa ya kawo ƙwarya!"

Kafin ruwan fari ya sauka, kowane gida ya samu iri da ɗan abin tuwo. Bikin kuwa sai bayan girbi aka yi shi, kuma Zabuwa ce ta dama furar.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu! Ku tashi, tuwonku na hucewa.