Agogon Ladan

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a kasuwar Karaye, mai gyaran waya da caji. Ba zan faɗi sunansa ba, don ni ban zo in yi abin da ya yi ba.

Kun san halinmu. Ranar kasuwa mu miƙa waya, mu faɗi lambar sirrin buɗe ta da ƙarfi kamar muna kiran farashin gyaɗa, mu tafi. Shi kuwa sai ya saka wata manhaja a ɓoye, wadda ke nuna masa duk inda mai wayar ya taka. Ba sata yake yi ba. So yake a ce a majalisa babu wanda ya kai shi sanin sirrin gari.

Akwai wani dattijo, Malam Mijinyawa, ladan a wani ƙauye wajen Yammedi. Shekara talatin yana kiran salla. Ɗansa ya aiko masa da agogon zamani daga Kano, irin mai auna bugun zuciya da nuna inda mutum yake. Dattijo bai iya shi ba, ya kai wa mai gyara ya haɗa masa da waya. Ya haɗa, ya kuma haɗa da tasa.

Sai ya lura duk Talata agogon nan yana tafiya Rogo, ya tsaya a gidan wata bazawara tun hantsi har la'asar. Ya tambaya? Bai tambaya ba. Ya kai majalisa, yana murmushi yana cewa, "Ladanin nan naku, ku tambaye shi me yake nema a Rogo ran Talata."

Abin da ke ƙona min rai ke nan. Ba wanda ya ce masa ya ji tsoron Allah. Kowa ya gyara zama. Kafin sati biyu an ce wa Malam Mijinyawa ya ɗan huta da kiran salla. Dattijon da ya yi wa rabinsu huɗuba a kunne ranar haihuwa!

Magana ta kai gaban dagaci. Aka ce wa mai gyara, ina shaidarka? Da alfahari ya zaro waya ya ɗaga wa jama'a.

A nan matar ladan, Ummu Hani, ta fito da hannunta daga hijabi. Agogon na ɗaure a wuyan hannunta. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ce mai hawan jini, shi ya sa Malam ya bar mini. Gidan ƙanwata nake zuwa, ta raka ni asibitin da ke jikin gidanta. Ya yi shiru ne don ba ya son a yi ta yawo da ciwona a bakin mutane."

Dagaci ya karɓi wayar mai gyaran. Yana dubawa, sai ya ja ƙasa a cikin manhajar. Sunayen waɗanda yake bibiya fiye da arba'in. Masu dariyar majalisa kowa ya ga nasa. Har matar mai gyaran tana ciki.

Daga ranar ko caji ba wanda ya ƙara kai wa mai gyaran. Hukuma ta tafi da shi. Da ya dawo ya tarar da rumfa an ba mai tumatir, matarsa ta koma gidan iyayenta. Ya je neman gafarar ladan, dattijo ya yafe, amma bai ƙara hawa kiran salla ba har ya bar duniya. Cewa ya yi muryar ta ƙi fita.

To ku gaya mini, wa zai biya wannan? Allah ya hana mu leƙen asirin juna, ko ta katanga ko ta waya. Na'ura ta san inda agogo ya je, ba ta san wanda ya ɗaura shi ba. Kuma mai kawo muku sirrin wani, ku tabbata naku na aljihunsa. Na gaji da faɗa: ku san wa kuke miƙa wa wayarku, ku kuma daina ba gulma kunne.

Allah ya rufa mana asiri, ya kiyaye mu da tona na wani. Amin.