Rariya Guda Ga Kowa

Akwai wani mutum da ƙungiyar manoma ta ɗora wa kula da kwamfutocinta. Kowace safiya saƙonnin banza sukan cika imel ɗin mutane maƙil, wannan na tallar maganin ƙarya, wancan na alkawarin mota kyauta. Ƙorafi ya ishe shi, zama ya gagare shi.

Sai ya ce a ransa, "Na san abin da zan yi. Zan sa wa kowa rariya guda mai tace saƙonni, duk saƙon da ya ambaci magani ta zubar da shi." Haka kuwa ya yi, bai shawarci kowa ba. Ƙorafi ya lafa, amma hankalinsa bai kwanta ba, gama bai san abin da rariyar take zubarwa ba.

A ƙungiyar akwai wata gwauruwa, Keziya, mai kiwon kaji. Ciwo ya shiga kajinta, wayar likitan dabbobi kuma ba ta shiga, sai ta aika masa da imel. Kwana huɗu tana zarya wurin mai kula da kwamfutocin, tana neman amsa.

"Ɗana, har yanzu shiru?"

"Shiru, Mama."

Rana ta biyar ya kasa jurewa, ya buɗe inda rariyar take zubarwa. Ga amsar likita tun ranar farko, da sunan maganin. Ya ruga gidan Keziya, ya tarar tana binne kaza ta arba'in.

Ta ji bayaninsa har ƙarshe, sa'an nan ta ce, "Abin da ya zame muku shara, ni shi nake jira. Da ka tambaye ni, ɗana."

Ya koma ya sassauta babbar rariya, ya bar mata abin da ke cutar kowa kaɗai. Ya bi mutane ɗaya ɗaya yana koya musu kafa tasu, gwargwadon bukatarsu.

Ma'anar wannan misali ita ce: babbar rariya ita ce tsarewar iyaye da dattawan ikilisiya. Tana da amfani, gama akwai muguntar da ba ta dace da kowa ba. Amma ku masu shugabanci, kada gajiya ta sa ku yanke wa dukan mutane hukunci guda. Ku kuma 'yan'uwa, ku roƙi Ubangiji hikimar rarrabe abin da ke shiga zuciyarku. Ranar da wata magana za ta iso kunnenku, fasto ba ya kusa.